Yadda ake naɗar kiɗa da sauti da rakodar hannu, daga saiti har zuwa fayil

Kunnen mutum yana zaɓe. Kana zaune ana kaɗa jita, fanka na juyawa a sama, firji na gurnani a lungu, mota na wucewa a waje, amma kai jitar kaɗai kake ji, domin ƙwaƙwalwarka ta ture sauran gefe. Makirufo ba shi da wannan baiwar. Duk abin da ya iso gare shi sai ya kwashe, kuma wanda ya fi kusa shi ne zai danne saura. Shi ya sa mutum zai sayi rakoda mai kyau, ya naɗi waƙa, ya kunna ya ji muryar can nesa kamar daga cikin rijiya, sai ya ɗora wa na'urar laifi. Galibi ba laifinta ba ne. Inda aka ajiye ta da yadda aka saita ƙarfin shigar sauti su ne ke yanke hukunci, kuma duka biyun ana gama su ne kafin a danna maɓallin naɗa.

Rakodar hannu abu uku ce a jiki ɗaya: makirufo biyu a ka, sashen da ke ƙara wa siginarsu ƙarfi, da sashen da ke mayar da sautin lambobi ya rubuta a katin memori. Waɗanda suka fi yawa a hannun mutane na kamfanonin Japan ne, Zoom da Tascam da Sony. Akwai ƙanana irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X, masu makirufonsu na jiki da ƙaramar kafa ɗaya ta milimita 3.5. Akwai kuma manya irin su Zoom H4n, wadda ta fito a 2009, da H5 da H6 da Tascam DR-40X, masu kafar XLR da ake jona makirufon situdiyo ko kebul daga miksa. Abin da ya raba su da wayar salula shi ne, ita waya don magana aka gina ta. Takan rage ƙara ta ƙara da kanta, ta goge abin da ta ɗauka hayaniya ne, ta matse fayil. Ga hira hakan ya yi daidai, ga kiɗa kuwa ɓarna ce, domin wutsiyar sautin tsirkiya da ke mutuwa a hankali na cikin abin da take gogewa.

Kati, batir da abin saurare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan matakin a gida ake yinsa, kwana ɗaya kafin aiki.

Saka katin a cikin rakodar, ka shiga menu ka goge shi da ita kanta, ba da kwamfuta ba, domin ta tsara shi yadda take so. Duba littafin na'urarka ka ga girman katin da take karɓa: katin SDHC ya tsaya a 32 GB, wanda ya haura haka SDXC ne, kuma tsofaffin rakodoji da yawa ba sa karanta shi. Ka saita kwanan wata da lokaci, saboda da su ake laƙaba wa fayil suna, kuma wata rana su za su nuna maka wane naɗi ne na wace rana.

Batirin alkalin volt 1.5 yake bayarwa, mai caji na NiMH kuma 1.2. A menu akwai wurin da za ka gaya wa na'urar wanne ka saka. In ba ka gaya mata ba, alamar batir za ta yi maka ƙarya. Ka sa sabo a farkon kowane aiki mai muhimmanci, ka riƙe wani a aljihu. In batir ya mutu ana tsakiyar naɗi, wasu na'urorin ba sa samun damar rufe fayil ɗin, sai a rasa shi ɗungurungum. Yawancin sababbi suna karɓar wuta ta USB, don haka fawa bank na iya ɗaukar dogon zama.

Sai hedifon, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Ka nemi mai rufe kunne gaba ɗaya, mai kebul. Na bulutut yana jinkiri kuma yana canza sauti. Wanda yake naɗa ba tare da saurare ba yana aiki ne da ka.

Irin fayil

Zaɓi WAV, ka bar MP3. Shi MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya ƙanƙance, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Daga WAV kana iya fitar da MP3 ko yaushe, amma ba a komawa baya.

Za ka ga lambobi biyu. Ta farko, 44.1 ko 48 ko 96 kHz, ita ce sau nawa na'urar ke auna sauti a daƙiƙa ɗaya: 48 kHz na nufin sau 48,000. Ƙa'idar ita ce ana iya kama sautin da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ya kai rabin wannan adadin. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20 kHz, don haka 44.1 da 48 duk sun wadatar. Faifan CD 44.1 ne, bidiyo kuma 48 ake yi masa. Ni 48 nake ba da shawara ga kowa, domin yau da wuya ka naɗi abin da ba zai ƙare a jikin bidiyo ba. Amfanin 96 yana fitowa ne idan za ka ja sautin ya yi sanyin tafiya daga baya, kamar yadda masu haɗa sautin fim ke yi.

Lamba ta biyu, 16 ko 24 bit, ta fi ta farkon tasiri. Kowane bit ɗaya yana ba da tazarar kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Kenan 16 bit na da kusan desibel 96, shi kuwa 24 bit a lissafi ya kai 144. Wannan yalwar ce ke ba ka damar naɗa ƙasa-ƙasa cikin kwanciyar hankali, ka ɗaga daga baya ba tare da ka yi asara ba. Zaɓi 24.

Kada girman fayil ya tsorata ka. Sitiriyo a 48 kHz da 24 bit yana cin kimanin MB 17 a minti, wato GB 1 da 'yan kai a awa. Katin 32 GB zai ɗauki kusan awa 30. In zama ya yi tsawo za ka tarar na'urar ta raba naɗin gida-gida, yawanci duk 2 GB. Ba lalacewa ba ce, jera su za ka yi a manhaja su haɗe.

Abin da za a kashe da abin da za a kunna

Nemi saitin da ke daidaita ƙarfi da kansa, wanda ake rubutawa AUTO LEVEL ko AGC, ka kashe shi. In mawaƙi ya yi shiru don numfashi, wannan saitin zai ɗago ƙarar ɗaki ya cike gurbin, in ganga ta faɗo kuma ya danne komai. Kiɗa da hawa da sauka yake rayuwa, shi kuwa aikinsa ya baje su.

Limita daban ce. Ba ta taɓa komai sai sauti ya kusa fashewa, sannan ta tare shi. Bar ta a kunne a inda ba ka san abin da zai faru ba, amma ka saita ƙarfinka yadda ba za ta riƙa aiki ba. In na'urarka tana iya naɗar kwafi na biyu mai rauni a lokaci guda, kamar yadda Zoom H5 da H6 ke yi da ragin desibel 12, kunna shi, ya fi limita tsabta.

Akwai kuma matatar da ke yanke sauti mai kauri na can ƙasa, LO CUT. Ga magana da aikin waje, sa ta a 80 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), za ta rage gurnanin mota da rugugin iska. Ga kiɗa ka yi hattara. Tsirkiya mafi kauri ta jita tana kan 82 Hz, ta jitar bes tana kan 41, babbar ganga ma can ƙasa take. In ka kunna matatar a kansu ka yanke wa kiɗan gindi. Gara ka bar ta a kashe, in ya so ka yanke a kwamfuta inda kake iya janye kuskure.

In akwai PRE REC, kunna shi. Yana riƙe daƙiƙa biyu ko fiye na abin da ya wuce kafin ka danna, wanda ke ceto farkon waƙar da aka fara ba sanarwa.

Wurin da za a ajiye ta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa.

Fara da ɗakin. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji amo mai kaifi yana kai da komo tsakanin bango, ɗakin zai shiga naɗinka ya zauna. Bango tsirara, tayil da gilashi suna mayar da sauti. Labule mai kauri, kafet, katifa, kujerun kushin da kabad ɗin littattafai suna shanye shi. Ƙaramin ɗaki mai kaya ya fi babban falo fanko. Bargo biyu da aka rataya, ɗaya a bayan mai waƙa ɗaya a gefe, suna gyara fiye da yadda ake zato. Kada ka kafa a tsakiyar ɗaki cif, kada kuma ka manne da kusurwa, domin can sauti mai kauri ke taruwa.

Daga nan sai ka sa hedifon, ka ɗaga ƙarfi, ka yi shiru na minti ɗaya kana sauraron ɗakin kawai. Za ka ji abubuwan da ka manta da su: agogon bango, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, firji, ƙugin wutar lantarki mai 50 ko 60 Hz daga wata caja. Kashe abin da zai kasu. Wayoyin da ke ɗakin a sa su a yanayin jirgi, ba a rufe musu murya kawai ba, domin siginar da waya ke aikawa tana kutsawa cikin makirufo ta bar wani ƙirƙir da ba ya gogewa.

Yanzu nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin makirufo da mai sauti, ƙarfin yana faɗuwa da desibel 6. Ka ɗauka rakodar tana santimita 30 daga jita, sai ka mayar da ita mita 1.2. Ka ninka sau biyu kenan, ka rasa desibel 12. Don ka cike gurbin za ka murɗa ƙarfin shiga da desibel 12, kuma da shi za ka ɗago fanka, titi, amon bango da shuuu ɗin na'urar kanta, duk da wannan adadin. Jitar ba ta ƙaru da komai ba, hayaniya ce ta ninka huɗu. Yawancin naɗin da ake kuka da shi, maganinsa taku biyu ne zuwa gaba.

Amma kusanci ma yana da iyaka. Kayan kiɗa ba daga wuri ɗaya suke fitar da sauti ba, jikinsu duka ke magana, kuma sai an ɗan ja baya sassan ke haɗuwa su zama abin da kunne ya sani. Makirufo masu fuskantar gaba kuma suna ƙara kauri in an matso su sosai. Hanyar gano daidai ɗaya ce: ka sa makaɗi ya yi ta kaɗawa, kai kuma da hedifon a kunne ka riƙa yawo da rakodar a hankali, sama da ƙasa, dama da hagu, kusa da nesa. Akwai inda za ka ji sautin ya zauna daram. Nan za ka kafa. Minti biyar ɗin nan sun fi awa biyu na gyara a kwamfuta.

Ka san yadda makirufon na'urarka suke kallo. A tsarin X/Y, kamar na H1n da H4n, kawunan biyu sun gitta juna a kusurwar digiri 90, wasu ana juya su zuwa 120 don faɗi. Tsakiyar sautin na fitowa da ƙarfi, kuma ko an saurara a lasifika ɗaya ba ya lalacewa. Tushen wannan dabarar na komawa ga Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, wanda ya nemi rajistar fasahar sitiriyo a 1931. A tsarin A/B kawunan suna kallon waje da 'yar tazara a tsakani, sautin ya fi faɗi, ɗaki ya fi shigowa. DR-40X tana yin duka biyun. Ga makaɗi ɗaya ko ƙaramin rukuni, X/Y. Ga babban rukuni ko sautin daji, A/B. Ko wanne ne, kan na'urar ake nuna wa mai sauti, ba fuskar da ke da allo ba.

Kada ka riƙe ta a hannu in da hali. Jikinta roba ne, motsin yatsa kaɗan yana shiga kamar tsawa. A ƙasanta ko bayanta akwai ramin sukurun da ya dace da ƙafar kyamara, ɗora ta a kai. In tebur ne dole, shimfiɗa tawul mai kauri, ka turo kan na'urar ya leƙo bakin tebur, don kada sautin da ke dawowa daga katako ya gauraya da na kai tsaye.

Ƙarfin shigar sauti

Ma'aunin da ke allo yana da sifili a ƙarshen dama, lambobin da ke ƙasa da shi kuma masu alamar ragi ne: -6, -12, -24. Sifilin nan rufi ne. Sautin da ya buge shi ana sare masa kai, ya fito a fashe, kuma babu manhajar da ke mayar da shi yadda yake. Kamar ɗaukar kofi ne cike fal har baki: ƙaramin tuntuɓe ya isa.

Ce wa makaɗi ya buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ba farkonta ba. Murɗa ƙarfin shiga har ƙololuwar ta riƙa taɓa -12. Sannan ka tuna cewa kusan kowa yana ƙara ƙarfi in an fara na gaske, jini ya ɗumama. Tazarar desibel 12 ɗin nan ta wannan lokacin ce. In a tsakiyar waƙa ƙololuwa ta kai -6, babu komai. In fitilar PEAK tana ƙiftawa, ka yi yawa. Ga ganga da duk abin da ake duka, bar tazara fiye da haka, domin dukan yana da kaifi da sauri.

Kada ka rikita maɓallai biyu. Ƙarar hedifon daban, ƙarfin shiga daban. Ɗaga ƙarar hedifon ba ya ƙara komai a fayil. Idonka a kan ma'auni don sanin ƙarfi, kunnenka a hedifon don sanin kyau. Kuma in an fara, cire hannunka daga maɓallin. Naɗin da ya ɗan yi ƙasa daga farko har ƙarshe ana ɗaga shi da dannawa ɗaya, wanda aka yi ta murɗawa a tsakiya kuwa wahala ce.

Akwai wani tarko. Wani lokaci ma'auni na nuna -12 amma sautin a fashe yake. Wannan na nufin makirufon ne kansa ya ƙoshi tun kafin sauti ya kai ga maɓallin, abin da ke faruwa in an kafa gab da lasifika ko ganga. Rage lamba ba zai yi magani ba, sai dai ka ja baya, ko ka kunna PAD, wanda ke rage ƙarfin sigina tun daga mashiga, in akwai.

Sababbin na'urori, kamar jerin Zoom H1essential da H4essential da H6essential na 2024 da Tascam Portacapture X8, suna naɗa da tsarin da ake kira 32-bit float. A nan fayil ɗin ba ya fashewa ko sauti ya haura sifili, kana iya sauke shi a kwamfuta ya dawo lafiya, har wasunsu ba su da maɓallin ƙarfin shiga sam. Sauƙi ne na gaske, musamman ga mai aiki shi kaɗai. Sai dai bai hana makirufo ƙoshi ba, bai kashe fanka ba, bai matso da kai kusa da mawaƙi ba.

Ka kula da naka kunnen ma. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Hedifon da aka ƙure a wurin kiɗa yana wuce wannan nesa ba kusa ba.

Danna maɓalli

A rakodoji da yawa, dannawa ta farko shiri ce kawai: jar fitila na ƙiftawa, ma'auni na motsi, kana ji a hedifon, amma ba a rubuta komai. Sai ka sake dannawa. Abin da zai tabbatar maka shi ne agogon allo yana tafiya kuma fitilar ta tsaya cak. Duba shi kowane lokaci, ko ka shekara goma kana aikin.

Yi gwajin daƙiƙa talatin, ka tsaya, ka saurara tare da makaɗan. Sannan a fara na gaske. Faɗi sunan waƙa da lambar ɗauka da bakinka a farko. In ana ɗaukar bidiyo, tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za a daidaita hoto da sauti. Bar daƙiƙa uku na shiru kafin a fara. A ƙarshe kuma kowa ya daskare har sautin ƙarshe ya mutu gaba ɗaya, kada wani ya yi magana ko ya ajiye kayan kiɗa. Tura maɓallin HOLD, wanda ke kulle sauran maɓallai, in na'urar za ta daɗe tana aiki. Kafin a watse, naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin, za ka buƙace shi wajen cike gurbi in ka yanke wani wuri.

Murya da kayan kiɗa

Ga murya, santimita 20 zuwa 30, na'urar ta ɗan kauce daga saitin baki, ko ta sauko daga saitin hanci. Iskar da ke fita da haruffa irin su "b" da "f" da "t" tana dukan waɗannan ƙananan makirufo da ƙarfi, don haka a sa soso ko ragar tare iska. Ga jita, kada ka nufi ramin da ke cikinta, can sai bumbum. Nufi inda wuya ya haɗu da jiki, daga santimita 30 zuwa 40. In mutum ɗaya ne ke waƙa yana kaɗawa, ɗaga rakodar sama muryar ta ƙaru, sauke ta jitar ta ƙaru. Sarewa da sauran kayan busa, daga sama kaɗan da gefe, rabin mita ko fiye, nesa da inda iska ke fita. Ganga tana son mita ɗaya zuwa biyu.

Rukuni kuwa, da ƙafa ake haɗa shi. Da makirufo biyu kacal ba ka da miksar da za ta rage wannan ta ƙara wancan daga baya, don haka mutane za ka motsa. Jera su rabin da'ira, rakodar a tsakiya a tsayin kai ko sama kaɗan. Mai waƙa da kayan da ba su da ƙarfi su matso, masu ganga su ja baya sosai. Abu mai kauri da babbar murya su kasance a tsakiya. A naɗa, a saurara, a ce wa wane ya ƙara taku ɗaya baya, a sake. Haka aka yi faya-fayai na shekaru masu yawa kafin a sami na'urori masu layi da yawa, kuma makaɗan da suka saba sauraron juna suna fitowa da kyau ta wannan hanyar.

Jona makirufo na waje ko miksa

Makirufon kondensa na situdiyo yana buƙatar wutar volt 48 da ke bi ta kebul ɗin XLR, wadda ake kira fantom. Jona kebul tukuna sannan ka kunna ta, ka kashe ta kafin ka zare. Makirufon dainamik, irin wanda mawaƙa kan riƙe a dandamali, ba ya buƙatarta, kuma tana shan batir da sauri. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga yana amfani da wata 'yar wuta daban ta kafar 3.5, wadda ake kunnawa a menu da sunan PLUG-IN POWER.

Siginar miksa ta fi ta makirufo ƙarfi ninki ɗaruruwa. In ka zuba ta a kafar da ke jiran makirufo, za ta fashe ko ka rage lamba zuwa ƙasa. Mayar da kafar zuwa LINE, ka tabbata fantom a kashe take, ka roƙi mai kula da miksa ya turo maka gwaji. Ka sani kuma abin da ke cikin miksa ba shi ne abin da jama'a ke ji ba: kayan da suke da ƙarfi da kansu ba a cika sa su sosai a ciki ba, kuma babu tafin masu kallo. In na'urarka mai layi huɗu ce, ɗauki miksa a biyu, makirufon jiki su ɗauki zauren. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka in kana mita 20 daga dandamali, na zauren zai makara da kusan kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa. A kwamfuta sai ka ja shi ya hau kan na miksa.

A waje

Iska ce babbar abokiyar gaba. Soson da ke zuwa da na'ura na cikin ɗaki ne. A waje sai hular nan mai dogon gashi, kuma ko iskar da ba ta kaɗa ganye sosai ba tana iya ɓata naɗi in babu ita. Juya wa iska baya, jikinka ya zama katanga, ko ka fake a bayan bango ko bishiya. Kafa na'urar, ka naɗe kebul ɗin hedifon kada ya riƙa bugun ƙafar, ka tsaya cik. Rigar leda, makullai a aljihu, har numfashinka duk suna shiga. In sautin tsuntsaye ko ruwa kake nema, fara naɗa ka yi nisa da wurin, ka bar ta aƙalla minti biyar. Tsuntsaye sun fi kuka da asuba, lokacin da motoci ma ba su tashi ba. Faɗi wuri da lokaci a ƙarshen naɗin don kada ka kori abin da ka zo nema. Raɓa da laima suna sa makirufon kondensa ya riƙa tartsatsi, zafin cikin mota a rufe kuma yana lalata batir.

In mutane za ka naɗa, nemi izininsu, ka gaya musu inda sautin zai je. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma waƙa ta mai ita ce ko da rakodar taka ce.

Bayan an gama

A ranar ka kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, ka sake kwafa su a wani wuri na biyu. Sa musu suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai sunan waƙa da lambar ɗauka, don su jeru da kansu. Kada ka taɓa na asali, yi aiki a kan kwafi.

Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aikin. Yanke farko da ƙarshe, ka sa sautin ya shigo a hankali ya fita a hankali ko da na ɗan ƙiftawar ido ne, don kada a ji ƙwas a bakin yanka. Yanzu ne za ka yanke gurnanin ƙasa in akwai. Sannan ka ɗaga ƙarfin duka har ƙololuwa ta tsaya a -1. In dandalin saurare za ka kai, ka san cewa irin su Spotify suna daidaita ƙarar waƙoƙi a kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, don haka matse kiɗa don ya fi na kowa ƙara ba ya da riba. Mai goge hayaniya kuwa, ɗan kaɗan. In ka matsa masa, muryar za ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, kuma 'yar shuuu ta fi wannan daɗin ji.

Saurara a hedifon, a lasifikar waya, a mota in da hali, sannan ka haɗe dama da hagu su zama mono ka ji ko wani abu ya ɓace. Ajiye gamammen aiki a WAV, ka fitar da MP3 don rabawa. In za ka tura wa wanda zai ci gaba da aiki a kai, tura WAV ɗin a matsayin fayil ko ta ma'ajiyar intanet, domin manhajojin hira sukan matse sauti. Katin kuma kada ka goge shi sai ka buɗe kwafi biyun nan ka ji suna kunnuwa har ƙarshe, sannan ka mayar da shi cikin rakodar ka goge shi a can.